Ƙanwata Ta Kai Mama Namibiya, An Manta Da Ni

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, sannu da ƙoƙari. Ni ce Binta daga Hulme a Manchester.

Mahaifiyarmu ta zo daga Kano da ciwon gwiwa, a flat ɗina, ɗan gidan da nake haya, ta sauka. Ni ke kai ta wurin GP, wato likitan unguwa, ni ke gasa mata ƙafa, ga karatu a kaina. Da ta samu sauƙi, sai ƙanwata Zulai, likita a Birmingham, ta ɗauke ta yawon buɗe ido Namibiya.

Tun da suka dawo ba mu da wata hira sai ta Namibiya. Yau Swakopmund, garin da yashin hamada ya gangaro har bakin teku, gobe gandun dajin Etosha, inda giwa ta tare motarsu Mama ta hau salati. Duk wanda ya bugo daga gida sai ta ce, "Zulai ce ta kai ni, Allah ya yi wa yarinyar nan albarka."

Jiya ina shafa mata magani ta ce, "Ke Binta, da kin ga jan tudun yashin da Zulai ta riƙe hannuna na hau!" Na ce, "Mama, da wace gwiwar kika hau?" Ta yi dariya, ta ce ita fa wurin Zulai za ta ƙarasa zamanta.

Wallahi ina son ƙanwata, amma kishi ya hana ni ɗaukar wayarta. Masu sauraro, in faɗa wa Mama abin da ke raina, ko in haɗa mata akwati in yi shiru?