Ranar da Kingsley Ya Yi Jifa da Fad

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, shugabannin 'yan kasuwar Karshi, malamanmu da fastocinmu, iyaye maza da mata, 'yan gem na Orozo da na Kwali, da ku da kuka leƙo don kun ji ihu, ina gaishe ku gaisuwar girma. Ni ce Talatu, mai gidan gem, wato wasan bidiyo, da ke bayan tasha, wadda iyaye suka daɗe suna harara. Na gode da kuka zo, na kuma gode wa wanda ya ara mana janareta, don da babu shi da yau labari muke yi ba gasa ba.

Kafin a miƙa kofi, ina so in amsa tambayar da ake yawan yi mini: me ya raba ɗan gani-kashe-nin gem da mai ɗebe kewa? Wasu sun ce tsadar na'ura, wasu sun ce yawan zama. Ni da nake share gidan kullum, na ga abin da ya fi haka.

Na farko, mai ɗebe kewa yana zaɓar ƙungiyar da ta fi ƙarfi a gem ɗin ƙwallo, ya nemi abokin da ya fi rauni. Ban raina shi ba, wallahi, shi ma baƙona ne. Amma ɗan gaske wanda ya fi shi yake nema, don ya san kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Na biyu, idan aka zura wa mai ɗebe kewa biyu, sai ya ce fad ɗin ne, wato abin da ake riƙewa a danna. Ko ya ce talabijin ce, ko ya tuna an aike shi. Ɗan gaske kuwa sai ya zauna ya sake kallon yadda aka ci shi, yana cizon leɓe.

Na uku shi ne babba, kuma ba zan iya faɗinsa ba sai da Manniru, wancan mai shuɗiyar riga. Daga ƙauyensu ya zo buga bulo a Orozo, a gidana ya fara riƙe fad, har ya zama babu mai tsaya masa sai Kingsley mai gyaran waya. Bara injin bulo ya cinye masa babban yatsan dama, yatsan da ake harbi da shi, ake ba da ƙwallo da shi. Duk muka ce shi ke nan, Allah ya sa kaffara ce.

Da ciwon ya warke sai ga shi ya dawo, ya karkace hannu yana danna maɓalli da manuniya, kamar kaza na tsintar tsaba. Abin mamaki, sai ya riƙa ci. Kowa ya zauna da shi, sai Manniru ya ci. Ashe 'yan gidan ne suka haɗa baki, don tausayi, suna sakar masa hanya.

Wata Asabar suna bugawa da Manniru, Kingsley ya kai ƙwallo gaban raga, babu kowa, ya harba ta sama. Manniru ya ajiye fad a hankali, ya ce, "Kingsley, ni ka mayar yaro? Injin nan yatsa ya ci, kai kuma mutuncina kake ci." Kingsley ya ce, "Oga Manniru, ni ba na so zuciyarka ya ɓaci." Manniru ya ce, "To in kana ƙaunata, ka ci ni da gaske."

Jama'a, Kingsley ya ci shi. Ya yi masa bakwai da nema, har ni na kawar da kai. Manniru ya miƙe ya ce, "Yauwa, yanzu na san inda nake." Daga ranar kowa ya riƙa lallasa shi ba sani ba sabo, shi kuma yana dawowa. Ana cinsa yana dawowa, ana dariya yana dawowa, manuniyar ta yi kanta yana dawowa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Wasan ƙarshe na yau kun gan shi da idonku: Manniru uku, Kingsley biyu. Amma ko kun lura, da aka hura usur Manniru bai yi tsalle ba? Ku kuna ihu, shi kuwa fuskar Kingsley yake kallo, yana tsoron ko an sake yi masa sadaka. Sai Kingsley ya miƙe, rigarsa sharkaf da gumi, ya ɗaga fad ɗina sabo fil ya maka da ƙasa don haushi. A nan ne Manniru ya fashe da kuka, a nan ne ya yarda ya ci.

Dokar gidana kun san ta: wanda ya yi jifa da fad, mako guda ba ya shiga. Kingsley, yau na yafe maka, har ina godiya. Ina alfahari da ku biyun, alfaharin da ban iya ɓoyewa.

Allah ya tsare hannuwan masu nema a bakin inji. Allah ya ba 'ya'yanmu abokan da ba za su raina su da tausayi ba. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Manniru, taso ka karɓi kofinka, da hannun daman nan za ka karɓa.

Na gode.