Gurbin da ya yi tsit a Tozai

Assalamu alaikum Malama, barka da aiki. Ni ne Garba daga Tozai, cikin masu zagayen gulbinmu don Allah, muna hana ɓarna.

Ranar Laraba da hantsi munka iske gurbin da kifi ke taruwa ya yi fari fat. Tarwaɗa da karfasa duk ciki sama, balbelun da sunka ci kwance a gaɓa. Maganin feshi aka zuba.

Abokina ya ce, "Kawunka na gani da galan." Kawun nan nawa shi ya rene ni. Tun ranar, ko rufe ido na yi, fararen cikunan nan nike gani.

Jama'a, ku ba ni shawara: in kai shi gaban sarkin ruwa? Gobe za ni gaishe da kawun, ban san da wane baki ba.