Ɗana Ya Kafa Wa Malaminsa Goshi a Ƙasa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Maman Sadik ce daga Durumi.

Ina son finafinan Chaina na masu takobi da ke tashi sama, don yadda ɗalibi ke girmama malaminsa. Kullum ina ce wa ɗana Sadik ya koyi ladabinsu.

Ranar Asabar malaminsu na Islamiyya ya zo gaishe mu. Sadik ya kai masa shayi, ya durƙusa, ya kafa goshi a ƙasa kamar mai sujada. Malam ya yi ta'awizi, ya fita bai sha ba.

Na ɗauko bulala, sai yaron ya ce, "Mama, ba ke kika ce in koya ba?"

Bulalar dai na ajiye. Jama'a, me zan ce wa yaron nan?