Rabin Hula a Filin Jirgi

A zauren jiran jirgi, wata tsohuwa rungume da matashin kai da ƙullin ulu ta dubi matar da ke gefenta.

"'Yar nan, da dare za mu isa, ko sai gari ya waye?"

"Wane dare, Mama? Minti hamsin ne."

"Ke dai faɗi gaskiya. Hanyar da muke wuni cur a mota?"

"Ai sama ba rami, ba kwana. Kafin shayinki ya huce an ce za a sauka."

Tsohuwar ta zaro rabin hula, kwarashi soke a jiki. "Na shiga uku. Duk jikan da aka haifa min, a hanya nake saƙa masa hula, ina isa in sa masa. Shi wannan da rabi zan je masa?"

"Ki ƙarasa a can mana."

"Ya fara ganina hannu rabbana? Yayyensa su riƙa yi masa gori?"

Sai lasifika ta ba da haƙuri, jirgi zai makara da awa biyu. Zaure ya ɗauki tsaki.

Tsohuwar ta washe baki. "Alhamdu lillahi. Ungo, 'yar nan, riƙe min zaren."