Kwana Uku Agogo Bai Ga Barci Ba

A rumfar mai gyaran waya, wata dattijuwa ta miƙa masa agogon hannunta da wayarta.

"Ɗan nan, duba min. Kwana uku ke nan bai nuna barcina ba. 'Yata na gani a tata wayar, ta rantse gobe sai ta kai ni asibiti."

"Mama, da shi kike kwana? Kina ɗaure shi sosai?"

"Ga shatinsa a hannuna."

Ya ɗan daddanna wayar. "Ikon Allah! Lafiyarsa ƙalau. Ga ma taku dubu biyu ya ƙirga miki cikin dare. Ina kike zuwa?"

"Daga ɗaki zuwa falo mana."

"Da can kuwa awa bakwai kike yi. Me ya canja ran Litinin?"

"Ba komai. Tsohon nan ne ya yi tafiya. Na ma huta da minsharinsa, shekara arba'in kamar injin niƙa."

"Yaushe zai dawo?"

"Jibi, ƙarfe huɗu da rabi."

"To, ki ce wa 'yarki ta ƙara haƙuri. Agogo zai gyaru jibi."

Ta karɓe kayanta, ta rage murya.

"Shi dai kada ya ji. Kansa zai kumbura."