Haƙorin Fari

A tashar mota wani matashi yana ta jijjiga 'yarsa, tana tsala kuka, yawu ya jiƙa mata wuyan riga. Dattijon da ke gefensa a kan benci ya leƙo.

"Haƙori ne, ɗana. Wanke yatsanka ka murza mata dasashi a hankali."

Ya wanke, ya gwada. Kukan ya fara lafawa.

"Ikon Allah! Baba, lallai ka sha raino."

"Ina fa! A kan jika na koya. Nawa huɗu, ban ga fitowar haƙorin ko ɗaya ba. Kullum ina bisa hanya da babbar mota. In na dawo sai su ɓuya bayan uwarsu."

"Ai dominsu kake nema."

"Haka na riƙa faɗa. Yanzu sun girma, suna gaishe ni da ladabi, hira kuwa sai da ita."

Matashin ya dubi jakarsa. "Ni ma rakiyata suka yo da uwarta. Aiki na samu nesa, sai baɗi."

Yarinyar ta datse yatsan uban, ya zabura zai janye.

"Bar ta ta ciza," in ji dattijon. "Motarka ba ta cika ba tukuna."