Takardar Aurenmu Bayan Shekara Goma Sha Shida

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, Allah Ya ƙara basira. Sunana Garba, daga Tudun Wada, Zariya.

Watan jiya likita ya ce sai an yi wa matata Rabi aikin ido. Na je in sa sunanta a inshorar lafiya ta wurin aikina, sai ma'aikacin ya nemi takardar aure. Na ce masa a masallaci aka ɗaura, 'ya'yanmu huɗu ba su isa shaida ba? Ya yi dariya, ya ce, "Malam, ni na yarda, fayil ne bai yarda ba."

A kotu aka ce in kawo shaidu biyu. Limamin ya rasu, waliyyinta ma ya rasu. Na zargi kaina da sakaci ƙwarai.

Sai na tuna tun ina sakandare nake rubuta abin da ya faru kullum, ko da yake nakan ji kamar ɓata lokaci ne. Na buɗe littafin shekarar, ga sunayen waɗanda suka halarta. Na samu biyu a Gyallesu. Ɗayansu, Baba Iro tela, yana ganina ya ce, "Kai ne angon nan da ya manta hularsa? Mu je."

An ba mu takarda, an yi aikin lafiya. Jiya Rabi da idonta ta karanta shafin nan, ta ce, "To, na daina maka tsiya."

Masu aure, ku nemi takarda tun shaidunku na raye. A gaida min Baba Iro, Allah Ya saka masa da alheri.